Tokar Robar Auta

Ni na ƙona robar da 'yata ta shekara biyu tana haɗawa. Da hannuna na ƙona ta, a bayan rumfata, ranar Asabar da hantsi. Ba wanda ya sa ni.

Na fara da wannan ne don kada wani ya wahalar da kansa wajen neman mai laifi. Na san wasunku za su ce me ya kawo tsoho shafin soyayya. Soyayyar ba tawa ba ce, amma ni na tsoma hannu a cikinta, kuma yau kwana goma sha ɗaya ke nan zama ya gagare ni. In na zauna sai in tashi, in na fita sai in dawo. Ku bar ni in faɗa.

Sana'ata tsohon ƙarfe. Shekara arba'in da uku ina saye ina sayarwa. Karatuna bai wuce haɗa baƙi ba, amma ba a taɓa cutata sau biyu da dabara ɗaya ba. A aljihuna na dama akwai mayen ƙarfe da na ciro daga cikin tsohuwar lasifika na ɗaure da igiya. Duk abin da aka kawo mini, shi yake fara gaisawa da shi. Mutum zai zo da dunƙulen wayar tagulla, fuska kamar ta limami, ina kanga maye ya manne, na san an cusa ƙusoshi a ciki. In maye bai gamsar da ni ba sai in sa magagari in goge. In magagari ya yi shiru, wuta ba ta yin shiru. Da wannan na ciyar da gidana, na aurar da 'ya'ya huɗu, na kai ta biyar jami'a.

Ta biyar ɗin ita ce Auta. Shekararta ashirin da tara. Tana karatun ƙarshe, wanda in ta gama za a riƙa ce mata dakta, amma ba ta allura ba. Wuninta a ɗakin gwaji take yinsa. Farar rigar aikinta a bayan ƙofar ɗakinta take rataye, hannuwan duk ɗigon rawaya, uwarta ta gwada kowane irin sabulu har ta haƙura.

Ta sha yi mini bayanin aikin muna cin abincin rana.

"Baba, akwai wani irin gishiri da yake ruwa-ruwa da kansa. Ba jiƙa shi aka yi ba, haka yake, kamar mai."

"Wannan ba gishiri ba ne."

"Shi ne. Ƙwayoyinsa nake ɗaurewa, wannan ta kama wannan kamar sarƙa, har ya daskare ya zama roba. Kuma so nake robar ta riƙa bin mayen ƙarfe."

"Roba ba ta bin maye."

"Ai shi ya sa nake karatun, Baba. Da tana bi, da ina gida ina yi maka tsifar gemu."

Ta ce in abin ya yiwu, za a iya zuba irin robar a gurɓataccen ruwa ta kama dattin, sannan a sa maye a janye ta gaba ɗaya. Washegari na faɗa wa duk 'yan layinmu, har mai walda da ba ya jin magana sai an yi ihu.

Shekara ɗaya da rabi abin yana ƙi. Wani zubin ya fito kamar danƙo, wani ya farfashe kamar busasshen ganye, wani ya sha danshi ya koma ruwa. Ta dawo gida ta ajiye jaka, ta zauna a bakin gado da takalmi a ƙafarta. Ban taɓa lallashinta ba, ban iya ba. Sai dai in sayo lemo in ajiye a ƙofar ɗakin in wuce.

Sai aka kawo musu wani saurayi daga wata jami'a. A gidanmu Dogo ake ce masa, don sai ya sunkuya yake shiga falona. Wata uku da zuwansa, roba ta yi. A cikin wata ukun nan kuma sunansa ya cika mini gida. Dogo ya ce, Dogo ya gyara, Dogo ba ya shan shayi da madara. Waya ta yi ƙara, yarinya ta kife ta a cinya tana murmushi ita kaɗai.

Ranar da ya fara zuwa gaishe ni, shuɗiyar riga ya sa, an goge ta har tana ƙyalli, amma a bakin hannun akwai ƙananan huji uku na ƙunar ruwan gwaji. Takalmin ya sha mai, dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya. Ya durƙusa ya gaishe ni. Duk abin da na faɗa sai ya ce, "Haka ne, Baba." Na ce ana zafi, haka ne. Na ce karatun zamani ya lalace, haka ne, alhali shi ma shi yake yi. A rumfa, mai saurin cewa haka ne shi nake fara zazzage wa buhu.

Bayan ya tafi uwar Auta ta ce, "Malam, yaron nan ba shi da aibu."

"Ban gwada shi ba."

"Mutum ne fa, ba tukunya ba."

Yayata kuma, wadda ta goya ni ina jariri kuma har yau ba ta manta ba, ta kama turo saƙon murya kullum. "Kai, me kake jira? Yarinya ta kusa talatin. An samu mai hankali, ga aikin yi, ga tsayi har ya yi yawa. Ko so kake ta auri kwalba?" In ban amsa ba ta sake turo wani, na minti huɗu.

Ni dai na ce a bari in gani.

Ranar Juma'a da yamma Auta ta shigo ba ta ko cire mayafi ba. Ta tsuguna a gabana ta fito da wata 'yar kwalba daga jaka, a naɗe cikin hankici. An liƙe murfin da tef. A gindin kwalbar akwai wasu shuɗɗan ƙwayoyi kamar duwatsun wuya, a sama kuma wani ɗan abu yana reto a jikin zare. Bai fi gaɓar babban yatsa ba. Launinsa kamar shayi mai kauri, haske yana ratsa shi.

"Baba, kawo mayenka."

Na ciro na ba ta. Ta ce a'a, ni zan kanga. Na kanga a jikin kwalbar. Da farko ba abin da ya faru. Can sai abin ya karkato a hankali, kamar mai jin kunya, ya zo ya jingina da gilashin daidai inda mayen yake. Na matsar da maye, ya biyo. Na janye, ya koma yana lilo.

Sau biyar na yi. Uwarta tana ta salati a bayana.

"Ba a yarda a fito da shi ba," in ji Auta. "Litinin za a kai shi babban injin awo, sakamakon shi ne ƙashin bayan karatuna. Shi kaɗai ne ya yi a cikin duk zubin. Amma na ce sai ka gani da idonka tukuna. Don Allah kada kowa ya buɗe, danshi yana ɓata shi."

Ya kamata in ce Allah ya yi albarka. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wa ya tsaya a kan zubin ƙarshe?"

"Tare muka yi. Ranar da na dawo da wuri saboda ciwon kai, shi ya tsaya wa tandar da muke busar da zubin a ciki."

Shi ke nan. Kaina ya kama aiki.

Ku duba da idona. Shekara ɗaya da rabi abu bai yi ba. Mutum ya zo, yana son yarinya, an bar shi shi kaɗai da tanda, sai abu ya yi. A sana'ata, in kaya suka yi nauyi farat ɗaya, an yi musu ciko. Na ce a raina garin ƙarfe ya barbaɗa a ciki don ya faranta mata ya samu shiga. Ranar Litinin injin zai tona, kuma sunan da ke jikin kwalbar ba nasa ba ne, na 'yata ne. Ita za a kira maƙaryaciya a gaban malamai. Wallahi abin da na gani ke nan. Ban ce daidai ne ba, na ce shi na gani.

Asabar da safe suka tafi kasuwa ita da uwarta. Na shiga ɗakin Auta, wanda na shekara goma ban shiga ba. Kwalbar tana cikin durowa, a ƙarƙashin gyale. Na sa a aljihu.

A bayan rumfa na ɓare tef ɗin. Na ɗora abin a kan fasasshen tayil na sa magagari. In da gari aka zuba, zan ga ƙyalli, ɗigo-ɗigo, ko in ji ƙaras-ƙaras a haƙoran magagarin. Ban ji komai ba. Na yanka shi biyu. Ciki da waje duk launi ɗaya, sumul. Har ya fara yin danƙo a yatsuna.

A nan ya kamata in tsaya. Na san haka tun a lokacin. Amma na riga na yanka, kuma mutumin da ya yanka kayan 'yarsa yana bukatar ya zama shi ne mai gaskiya.

Na kunna wutar gas na ƙona rabi. Wani hayaƙi ya tashi mai yaji, ya shaƙe ni, na yi ta tari har hawaye. Mai walda ya leƙo ta saman katanga yana toshe hanci.

"Alhaji, ɓera kake gasawa ne?"

"Koma aikinka."

Tokar da ta rage ba ta kai a gani ba. Sai na ɗora ɗaya rabin. Da ya huce, abin da ke kan tayil wata toka ce baƙa mai ja-ja, kamar tsatsa. Na kanga maye. Ta yi tsalle ta manne, ta miƙe tsaye kamar gashi.

Na yi dariya ni kaɗai. Rabona da jin daɗi irin wannan har na manta. Na ƙunshe tokar a takarda, na kira Dogo na ce ya zo gida bayan la'asar. Na kira Yaya ita ma, don ina son shaida.

Falon ya cika. Fanka tana ƙara, Yaya ta baje a doguwar kujera da jakarta a cinya, ta sha sabon leshi don ta ɗauka maganar aure za a yi. Dogo yana zaune a ƙasa a gefen ƙofa, ya naɗe ƙafafun nan nasa da ƙyar. Na ajiye kwalbar a kan tebur, ba komai ciki sai zare. Na buɗe takardar kusa da ita. Na kanga maye, toka ta tashi. Na juya wurin Dogo.

"Kai, wannan mene ne?"

Bai kalli tokar ba. Kwalbar yake kallo.

Auta ta shigo da tiren shayi. Ta ga kwalbar. Ba ta yar da tiren ba, da ta yar ma da ya fi mini sauƙi. Ta ajiye shi a hankali a kan tebur, ta gyara kofin da ya karkace.

"Baba, ina yake?"

"Ga shi nan. Garin ƙarfe ne. Yaron nan ya yi miki ciko. Da an kai injin, da kin sha kunya."

"Ka ƙona shi?"

"Na gwada shi."

Ta zauna a hannun kujera. Ta yi magana a hankali, kamar mai karanta wa kurma wasiƙa.

"Baba, ƙarfen ni na sa shi. Ni. Ba gari ba ne, narkakke ne, a jikin gishirin yake, kamar sukari a cikin shayin nan. Ba ka ganinsa, ba ka jinsa a magagari. In ka ƙona shayi, me za ka tarar a gindin kofi? Wutarka ce ta cinye robar ta bar maka ƙarfen. Shekara ɗaya da rabi abin da nake nema ke nan, yadda zai zauna a jikin sarƙar kada ya fita. Na faɗa maka, Baba. Sau nawa na faɗa maka?"

Ta faɗa. Na tuna. Ina cin abinci ne, ina jin daɗin muryarta, ban riƙe maganar ba.

"To shi me ya yi da abin ya tashi yi sai da ya zo?"

"Robar bakin tanda ya canja. Tandar da ke zuƙe iska ce take yoyo, danshi yana shiga, ba wanda ya lura. Ya sa sabuwar roba ya ɗaure ƙusa huɗu. Aikinsa ke nan."

"Haka ne, Baba," in ji Dogo, can ƙasa-ƙasa. Na ji kamar in jefe shi da kofi.

Na ce, "Don in tsare ki na yi."

"Ka ga abu ya yi kyau," in ji ta, "sai ka ce ba ni na yi ba."

Ba ta ƙara ba. Yaya ce ta ƙara. Ta miƙe tana gyara ɗankwali. "Kai dai tun kana rarrafe haka kake. An ba ka agogo, sai ka fasa ka ga mai bugawa. Ni na sa leshina a banza."

Kafin magariba Auta ta haɗa kaya a ƙaramar jaka ta tafi gidan babbar yayarta. Farar rigar ma ta cire ta daga bayan ƙofa. Ƙusar tana nan.

Ranar Litinin Farfesan da ke kula da su ya tambayi roba. Abin da ya faru daga bakin uwar Auta na ji, ita ma tana yanka albasa ta faɗa, ba ta kalle ni ba. Dogo ya riga Auta magana. Ya ce shi ya mayar da ita tanda ya manta, zafi ya yi yawa ta ƙone. An dakatar da shi. An karɓe makullinsa, an ce kada ya sake taka ɗakin gwajin har ƙarshen zango, kuma za a rubuta a takardarsa.

"Wa ya sa shi?" na ce.

"Ba wanda ya sa shi. Kamar yadda kai ma ba wanda ya sa ka."

Tun daga ranar ban san inda zan ajiye kaina ba. Na je rumfa na zazzage buhunan da na riga na tantance, na sake tantancewa. Na dawo gida da azahar, abin da ban saba ba. Na zauna a falo, na koma tsakar gida, na leƙa titi, na dawo. Uwar Auta ta ce, "Malam, ko ka zauna ko ka fita. Kujerar nan ta gaji da kai."

Kullum ƙarfe bakwai na safe Auta takan turo mini saƙo, ko da muna gida ɗaya: "Baba ka sha maganinka?" Shekara uku ba fashi. Ban taɓa amsawa ba, sai dai in sha. Yanzu bakwai tana yi sai in ciro waya. Ba komai. In ja sama in ga na da, jere reras, duk iri ɗaya. Na rubuta "Auta" da yatsa ɗaya, na zauna ina kallonsa, na goge. Washegari na kai har "Auta ina", na goge.

A kwana na biyar saƙo ya shigo bakwai da minti biyu. Har wayar ta kusa suɓuce mini. Ba ita ba ce, Dogo ne.

"Barka da safiya Baba. Kada ka sa damuwa, za mu sake zubawa in sha Allah. A sha magani."

Yaya aka yi ya san da maganina? Ita ta gaya masa ya tuna mini, ko shi ya ga ta ɗauki waya ta ajiye? Na wuni ina juya wannan. Mutumin da na kira macuci a gaban Yayata, yana zaune a waje saboda ni, shi yake tuna mini magani. Da zagina ya yi da na san yadda zan yi da shi.

Yaya ta turo nata. "Ka je ka ba yarinya haƙuri. Bakinka ba zai yage ba."

Uwar Auta ma ta ce, "Kalma ɗaya ce, Malam."

"Ban taɓa faɗa wa ɗan da na haifa ba."

"Ai ba ka taɓa ƙona wa ɗan da ka haifa shekara biyu ba."

Ubana bai taɓa ba ni haƙuri ba. Ranar da ya dake ni a kan laifin da ba nawa ba, washegari ya sayo mini takalmi, muka wuce wurin. Haka na tashi, haka na sani. Sai na zauna na yi tunani: me yarinyar nan take so wanda yake hannuna? Auren. Wata uku ana roƙona. To zan ba ta. Ai ya fi kalma girma. Da na yanke wannan sai na ji numfashina ya dawo.

Yau da safe na sa farar babbar rigata, wadda nake ajiyewa don manyan taruka, na fesa turare, na hau mota zuwa jami'ar. Ban taɓa zuwa ba. Sau uku ina tambaya kafin in samu ginin. Hawa biyu, ga gwiwa. A sama akwai doguwar baranda mai warin asibiti, ƙofofi a jere.

Dogo na fara gani. Yana zaune a benci kusa da jar tukunyar kashe gobara, littafi a gwiwa, biro a baki. Ashe kullum nan yake wuni. Ba ya shiga, amma in ta auna abu sai ta miƙo masa takarda ta ƙofa ya yi mata aikin lambobin. Ya ganni ya zabura har kansa ya bugi allon sanarwa.

"Baba! Lafiya?"

"Ina take?"

Ya nuna mini ta gilashin ƙofa. Tana tsaye a gaban wani akwatin gilashi, hannuwanta biyu a cikin wasu dogayen baƙaƙen safar hannu da ke manne da akwatin, tana aiki a ciki ba tare da iska ta shiga ba. Ta sa tabarau mai faɗi. Tana ɗiga wani abu a cikin kwalba, ɗigo ɗaya, ta jira, ɗigo ɗaya. A gefenta wata kwalbar tana zaune a cikin kwanon mai mai zafi, ruwan ciki yana juyawa da kansa. Hannunta ko rawa ba ya yi. Na san hannun mai sana'a in na gan shi. Na daɗe a tsaye.

"Kwana nawa zai ɗauka?"

"Sati uku, Baba, in komai ya tafi daidai. A ɗaure, a wanke, a sa ƙarfen, a busar. Gishirin da ya rage na zubi ɗaya ne. In wannan ya ƙi, sai an yi odar wani, wata huɗu, kuma lokacinta zai wuce."

Ta juyo ta gan ni. Ba ta yi sauri ba. Sai da ta gama ɗigon, ta zare hannuwanta, ta rubuta wani abu, sannan ta fito ta ja ƙofar. Ta rame. Ta rusuna.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya. Magana ɗaya na zo faɗa." Na juya wurin Dogo. "Kai, na ba ka ita. Ka gaya wa iyayenka su zo duk ranar da suka shirya."

Littafin ya faɗi daga hannunsa. Ya zube a ƙasa yana godiya, yana haɗa addu'a da addu'a. Na ji daɗi. Na gyara rigata. Na dubi Auta ina jiran murmushin nan da take yi wa waya.

Ta cire tabarau. Ya bar mata shaida a kan kumatu.

"Baba, ƙofa ta uku a hagu, ofishin Farfesa ne. Yana ciki yanzu."

"Ba wurinsa na zo ba."

"Na sani. Ni na je jiya na faɗa masa ni na fitar da ita. Ya ce to wa ya ƙona, na kasa faɗa. Ya ɗauka kare Dogo nake yi, ya ce in fita. Kai kaɗai ne in ka faɗa zai yarda."

"Ki bari mana," in ji Dogo daga ƙasa. "Ya wuce. Zango ɗaya ne."

"Kai yi mini shiru. Kai ma ƙarya ka yi, ban gama da kai ba."

Na dubi ƙofar. Ruwan toka ce, da ɗan allo a jiki. Taku goma bai kai ba. Na ji muryar mutum a ciki yana waya yana dariya, daga jin muryar na girme shi da shekara ashirin. In shiga da babbar rigata, in tsaya a gaban teburinsa, in ce ni ne, na saci kwalba a durowar 'yata na ƙona don ban gane ba. Ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Wasu ɗalibai biyu suka wuce suna kallonmu.

"Auta, ba abin da kike so ke nan ba? Wata uku ana damuna. Ga shi na bayar."

"Ina sonsa, Baba. Ban ɓoye ba."

"To ki karɓa. Abin da na kawo ke nan, ba ni da wani. Ki ɗauko jakarki mu tafi gida, uwarki tana jira."

Ta dube ni, ta dubi ƙofar Farfesa, ta jira. Ni ma na jira. Wani abu ya yi ƙara a cikin ɗakin gwajin, alamar lokacin ɗigo ya yi. Ta mayar da tabaraunta, ta kama hannun ƙofa.

"A'a, Baba. Ban karɓa ba."